Rabon Bahago

Na sauka unguwar Briqueterie a Yawunde da matata zamanin shugaban Kamaru na farko, ina da sana'ar kafinta da na koyo a gida Najeriya. Ni bahago ne. Abin goge katako, wanda a nan ake kira rabo da bakin Faransanci, kullum don masu aiki da hannun dama ake yinsa. Ƙahon da ake riƙewa a gabansa ya karkata ne ga hannun da ba nawa ba. Shekara da shekaru tafina yana kanta, na ɗauka haka sana'ar take.

A layinmu akwai wani dattijo haifaffen unguwar, wanda fataucin goro ya kawo mahaifinsa. Ba ya yin ƙofa ko kujera, sai kayan aikin kafintoci: rabo, gudumar itace, ƙotar zarto. Wata rana ya tsaya yana kallona ina goge ƙyaure. Da na huta na gaishe shi, sai ya ce in ba shi hannuna. Ya juya tafin, ya dudduba.

"Ɗana, da katako kake faɗa ko da kayan aikinka?"

Na ce Baba, ai na saba. Ya ce ba sabo ba ne, haƙuri ne.

Washegari ya kawo curin jar laka, ya sa na damƙa da hannun dama, don shi ke riƙe ƙaho in hagu na turawa, ya tafi da shi. Da shatin yatsuna ya sassaƙa ƙahon sabon rabo. Jikin kuwa guntun itacen bubinga ne da ya yi damina biyu yana shan hayaƙi a madafarsa, don itacen Yawunde, in ji shi, in bai bushe sosai ba sai ya murɗe. Ƙarfen bakin, wani maƙeri a unguwar Nkomkana ya fitar daga tsohon sifirin mota.

Sati uku ya ɗauka. Ranar da ya kawo, ya nuna mini yadda ake bugun gindinsa a hankali ƙarfen ya ja baya. Na ɗora a kan katako na tura. Ɓawon ya fito siriri, dogo, yana naɗewa, har ƙarshe bai tsinke ba. Na sake turawa don daɗi kawai.

Dattijon ya zauna a bencina, matata ta kawo masa kunun gyaɗa. Yana sha yana sauraron ƙarar, ya ce bakin yana son wasawa kaɗan. Ranar sai da na goge har katakon da ba a sa ni ba.