Sanduna Huɗu a Bakin Gulbi

Edita, ina gaisuwa. A shekarun da zan ba da labarinsu, idan ka shigo Arkilla, unguwarmu a Sakkwato, ka tambayi wanda ya fi kowa sanin ruwa, ƙofar gidana za a nuna maka, don ni na gaya wa mutane haka. Nakan zauna a majalisarmu bayan la'asar in ce kallo ɗaya nake yi wa gulbi in faɗi zurfinsa, in faɗi garin da aka yi ruwan da ke cikinsa, in kuma ƙirga kifayen da ke ƙasa, maza daban mata daban. Abokaina su yi dariya, ni in fi su. Har yau ni mai raha ne, tumbina ma ƙaruwa ya yi, amma wanga zance na bar shi, kuma dalilin barinsa ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Gaskiyar magana ban karanci ruwa ba. Diflomata ta harkar kasuwanci ce, ita ma da ƙyar da addu'ar tsohuwa. Na daɗe ina buga-buga lokacin da wani ofishi mai lura da gulabe ya nemi mai karanta geji, wato ma'aunin hawa da saukar ruwa. Takardar ta ce ana son wanda ya yi ilimin ruwa, ko injiniyanci, ko ilimin ƙasa da duwatsu, wanda ya iya awo da lissafi, ya iya kwamfuta, ya iya riƙe littafi, ya kuma iya iyo. A duk jerin nan abin da na iya shi ne riƙe littafi, wato a hannu. Amma ina da suruki mai faɗa a ji, ya yi magana, aka ɗauke ni a tsakiyar damina. Aka ba mu horo na kwana uku. Abin da na riƙe daga horon shi ne tuwon shinkafar rana ta biyu ya fi na rana ta farko laushi.

Wata injiniya ce ta kai ni wurin aikina, can gaba da Kalambaina, inda hanya ke gangarawa fadama. Mace ce siririya, mai ƙarancin magana, wadda ta yi digirinta a kan ruwa. Ta nuna mini gejin. Sandunan ƙarfe ne guda huɗu da aka kafa a jere daga cikin ruwa zuwa kan gaɓa, kamar matakala, kowace tsawonta mita ɗaya, da zane-zane da lambobi a jikinta. Ta ƙasan ce ruwa ke taɓawa. Ta ce da safe da yamma in karanta inda ruwa ya tsaya, in rubuta, in aika mata ta waya. Ta ce kafin in dubi lamba in fara ƙirga sandunan, domin idan ɗaya ta nutse, ta samanta zan gani a cikin ruwa, lambobinsu kuma iri ɗaya ne, sai in ƙara mita ɗaya a kan abin da na karanta. Na ji ta da kunne ɗaya, don a lokacin ina ba direbanmu labarin wani kada da na ce na taɓa hawa a Argungu. Ta tambaye ni ko na gane. Na ce Hajiya Injiniya ta kwantar da hankalinta, ni da gulbi 'yan uwa ne.

Makonni shida na yi aikin tsakani da Allah, ruwa yana wasa a jikin sandar ƙasa, yau ya hau gobe ya sauka. A nan na saba da wani dattijo manomin shinkafa mai gona a fadamar. Yanar ido ta rufe masa gani, ba ya hangen komai sai inuwa-inuwa, amma ya san gulbin tun kafin a haife ni. Ina ce masa Baba, shi kuma yana ce mini Malamin ruwa, kuma ba da zolaya yake faɗi ba. Yakan ce su a da tururuwa da kumfa suke kallo, amma yanzu ga mai littafi da waya wanda labari ke zuwa masa daga sama, ai sun huta. Ni kuwa in ƙara gyara hula.

Daga nan hanya ta lalace, babur ɗina ya fara tari, zuwa sau biyu a rana ya gundure ni. Ranar ƙarshe da na je na karanta santimita sittin. Washegari na dubi sama a Arkilla, na ga ba hadari ko na rantsuwa, na ce tunda ba a ruwa ai gulbi sauka zai yi. Na rubuta hamsin da takwas daga kan tabarmar majalisa, na aika. Ba wanda ya ce komai. Kwana tara na yi ina haka, kullum in rage kaɗan, har na kai arba'in da biyar. Ban san cewa gulbi ba ruwansa da saman Sakkwato ba. Ruwan da ke zuwa mana wanda aka yi ne a garuruwa masu nisa, kwanaki kafin ya iso.

A rana ta goma na ce bari in leƙa. Da hantsi na isa, rana fes. Tun ina kafe babur na ji wurin bai yi mini daidai ba. Gangaren da nakan sauka ya gajarta, kamar wani ya jawo gulbin kusa da ni. Saiwar bishiyar da nakan zauna a kanta in ci goro ban gan ta ba. Ba kukan tsuntsu, ba muryar mata masu wanki, ba komai. Ruwan ya yi ja, ya yi kauri kamar kunu, yana tafiya ba ƙara, kainuwa na wucewa jeri-jeri. A ƙasa kuwa tururuwa ce baƙi ƙirin, layi bayan layi, duk sun nufi tudu ɗauke da fararen ƙwayayensu, har suna bi ta kan takalmina ba su damu da ni ba. Tsigar jikina ta tashi. Na yi sauri na dubi sandar da ke cikin ruwa, sai na ga arba'in. Nan take tsoron ya koma murna. Na rubuta arba'in da biyar daga gida, ga gulbi ya ba ni arba'in. Na ce a raina ashe ma alƙalamina yake bi.

Ina hawowa na tarar da Baba a tsaye da sandarsa, da babban ɗansa. Sun yanke shinkafarsu ta fari, sun tara dammuna a wani ɗan tudu cikin fadama, ita ce abincin gidan na shekara. Ɗan ya ce suna shawara ne, ko su nemo raƙuma yau su kwashe ta ɗanya zuwa gari, ko su bar ta kwana uku ta bushe su sussuke a nan. Baba ya ce shi ƙamshin ruwan bai yi masa ba, kuma tun jiya yake jin tururuwa a ƙafafunsa. Na ce Baba ya bar zancen tururuwa, ai ƙaura suke yi sun sami fili a Arkilla, ga littafi nan, ruwa sauka yake yi. Sai Baba ya juyo da fararen idanun nan nasa wajen fuskata, ya tambaye ni sanduna nawa nake gani a waje. Na ba gulbin baya a lokacin. Juyawa ɗaya ce, ko numfashi biyu ba za ta ci ba. Ban juya ba. Na yi dariya na ce huɗu mana, Baba, ina za su je, kasuwa? Ya ce to, tunda Malamin ruwa ya faɗa. Suka bar shinkafar. Maƙwabtansu gida uku da ke jiran abin da Baba zai yi su ma suka bar tasu.

Washegari na koma da azahar, ba don tsoron Allah ba, don in ƙara ganin gulbi yana yi mini biyayya. Shirun ya fi na jiya. Na dubi sanda, talatin. Na buɗe baki zan yi dariya, sai na hango wani abu yana tahowa tsakiyar ruwa. Jinkar rumbu ce, a tsaye kamar a kan rumbunta take, da zakara fari a samanta. Bai yi cara ba, bai motsa ba. Jinkar ta juya a hankali, ya zo yana fuskantata, ya kalle ni har suka wuce. Sama kuwa shuɗiya tas. Na ce bari in yi alwala in bar wurin nan. Na tuɓe takalmi na shiga ruwa taku uku, inda na san ciyawa ce da busasshiyar ƙasa, sai babban yatsana ya bugi wani abu mai sanyi, ya yi ƙara a ƙarƙashin ruwa kamar an taɓa ƙararrawa. Na sunkuya na lalubo. Kan sandar geji ne, a nutse. Na ɗago na ƙirga na waje. Biyu.

Ban san yadda na fito ba. Na kira injiniya, na fara kame-kame. Ba ta bari na gama ba, ta tambaye ni sanduna nawa ne a waje, tambayar Baba sak. Na ce biyu. Ta tambayi na jiya. Na ce ban ƙirga ba. Ta ce ba talatin nake kallo ba, mita biyu da talatin ne, kuma in gudu in faɗa wa duk wanda ke fadama ya fita yanzu. Ta ce kwanaki tana ganin lambobin tashar da ke sama da mu suna hawa, nawa suna sauka, har ta sa a ranta za ta zo da kanta ta duba.

Na yi gudun da ban taɓa yi ba, da tumbi da komai. Amma ruwa ya riga ni. Ba ta gaba ya shiga fadamar ba, ta wani tsohon kwari ya zagayo ta baya, shiru, ya yanke hanya. Masunta ne suka fito da jiragensu suna kwasar mutane. Baba da ɗansa aka same su a kan tarin dammunan, ruwa ya kai musu ƙirji, ɗan yana riƙe da uban, uban yana riƙe da dami ɗaya ya ƙi saki. Da la'asar aka sauke su a gaɓa kusa da inda nake tsaye. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba. Shinkafar gida huɗu kuwa na ga tana wucewa a kan ruwa, dami-dami, kamar jerin tumaki. Baba yana rawar sanyi aka wuce da shi ta gabana. Na riƙe numfashina don kada ya gane ni.

A ofis injiniya ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta zana lambobina na kwana tara a kwamfuta, ta juyo mini da ita. Layi ne miƙaƙƙe kamar an ja da rula. Ta ce ba gulbin da ke tafiya haka a duniya, sai gulbin da ke cikin kan mutum. Aka dakatar da ni, surukina ma bai ɗaga waya ba. Daga baya na koma makaranta da furfurata, na zauna cikin sa'o'in 'ya'yana. Na koyi awon tudu da kwari, da yadda ake auna gudun ruwa, da ɗibar ruwa a kwalba don gwaji, da karanta zanen da ke nuna hawa da sauka. Iyo ma na koya, kodayake malamin ya ce ni ba iyo nake yi ba, yawo nake a kan ruwa kamar tulu. Farcen yatsan nan bai sake fitowa daidai ba. Har yau idan cokali ya bugi kwano a cikin ruwan wanke-wanke, sai gabana ya faɗi.

Ga masu sha'awar wanga aiki, musamman matasa, ku neme shi ta hanyarsa. Ku yi karatun, ku riƙe lissafi, ku koyi kayan awo da kwamfuta, kada ku raina horo ko na yini ɗaya ne. Amma takarda ba ta isa ba sai da ƙafar da za ta je wurin kullum, da idon da zai duba kafin baki ya yi magana, da ƙarfin halin cewa ban sani ba. Lambar da ka rubuta a littafi, wani zai ɗora abincin 'ya'yansa a kanta. Ku kuma masu cusa 'yan uwa a aikin da ba su iya ba, ku ji tsoron Allah. Idan tsoho ya ce ƙamshin ruwa bai yi masa ba, a rufe littafi a je a duba.

Sai da na yi wata biyar kafin na iya zuwa gidan Baba. Na same shi a zaure, na durƙusa, na faɗi komai, har kwana taran majalisa. Ya ce ya yafe, abin da Allah Ya rubuta ba nasu ba ne ya tafi. Da na ga fuskarsa ta saki, sai tsohon halin ya motsa, na ce ai yanzu na koma karatu, nan gaba kaɗan zan zama wanda in ya kalli gulbi zai ƙirga kifin ciki da gaske. Ya lalubo hannuna ya riƙe, ya ce in bar kifi su huta, Malamin ruwa, su a fadama ba su taɓa neman mai wannan ilimin ba, da dai sun sami wanda ya iya ƙirga huɗu.