Rubutu Ma Ruwa Ne

Salamu alaikum jama'a. Masu tambaya ko na bar unguwarmu Nima ne, ina nan. Kwance nake duk watannin nan.

Ƙafafuna ne suka fara kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ni da nake koyar da kimiyya a sakandare, na zana ƙoda a allo ba adadi, sai ga tawa ta tsaya.

Aka kwantar da ni, aka fara wankin ƙoda. Kuɗi kam kar ku tambaya, har keken ɗinkin mahaifiyata, Mma, ya tafi.

Likita ta ajiye mini ƙaramin kofi, ta ce, "Ticha, iyakar ruwanka ke nan a yini. In ka wuce, huhunka zai cika."

Na kiyaye. Ko fiya wata ban taɓa ba.

Amma kullum Mma za ta hawo motar haya, trotro, daga Mamobi da gorar rubutu a ƙarƙashin mayafi. In yi bisimilla in shanye tas.

Sai numfashi ya fara gagarata. Wallahi na ji tsoro.

Likita ta ce, "Me kake sha?" Na ce kofin nan kaɗai. Kuma ba ƙarya na yi ba. A kaina rubutu ba ruwa ba ne. Ni fa, malamin kimiyya!

Wata nas ce ta ga gorar.

Mma ta fashe da kuka. "Ayar Allah ce za ta kashe mini ɗa?"

Likita ta ce, "Mma, ba ayar ba. Ruwan."

Daga ranar malaminta ya koma wanke allon da ruwa cokali ɗaya.

Alhamdulillahi, ƙodar ta farfaɗo. Ana tambayata, inji ne ko rubutu? Na yarda da gwajin jini, na yarda da ayar. Ba su zauna daidai a kaina ba, na kuma daina tilasta musu. Kuskurena, na ɓoye wa ɗaya labarin ɗaya.

Na gode wa Mma, da nas ɗin nan, da ku masu addu'a.

Don Allah, duk abin da ya shiga bakinku, ku faɗa wa likita, ko na malam ne.

Baba Isaka, mai doya daga Old Fadama, shi ne a gadon kusa da nawa, ciwonmu ɗaya. Bai koma gida ba. Da aka zo naɗe shimfiɗarsa, aka ga tasa gorar, saura rabi.

Ku sa shi a addu'a.