Hannun Baba da Garin Fenti

Shekarun baya can, lokacin ina zaune a unguwar Tompkinsville da ke New York, na ɗauko mahaifina daga Yauri bayan ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ƙafar ta dawo da wuri, amma hannun dama ya ƙi. Mutumin da ya tashi a cikin kwale-kwale yana jefa birgi don kama kifi, sai ga shi cokali ma yana gagararsa.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, saboda haka na ɗauka na san kan abin. Na kai shi wajen masu gashin ƙashi, suka ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Muna shiga gida ya ajiye shi a bakin taga ya ce, "Ni za a ba ƙwallo? Yaro ne ni?" Daga ranar ya ɗauke wuta. Sanyi ya shigo, ya koma wuni a kujera yana kallon titi. Likita ya gaya mini in aka bar hannun haka zai sandare gaba ɗaya. Na yi lallashi, na yi faɗa, har kuka na yi. Iyakarsa ya ce, "Allah ya yi miki albarka," ya juya kai.

Muna da wani maƙwabci ɗan Nijar, mutumin Gaya, yana tuƙa tasi a filin jirgin sama na JFK. Wata Asabar ya shigo duba Baba. Da hira ta kai su ga cewa ruwan kogi ɗaya suka sha, sai ya zaro wani abu daga aljihu: ƙugiya mai kan darma, launin ɗorawa, da gashi fari a gindinta.

"Baba, ka san wannan?"

Baba ya juya ta da hagu ya ce, "Ƙugiya ce. Amma wa ya yi mata kwalliya haka?"

"Ni ne. Jig suke ce mata. Kifin New York ɗan gayu ne, ba ya kula ƙugiyar da ba ta yi ado ba."

Ranar na fara jin dariyar Baba tun zuwansa.

Washegari muka bi maƙwabcin zuwa garejinsa. Ina shiga na ga ƙananan kwalabe jere cike da gari, ja, kore, fari. Na ɗauki jan na ce, "Malam, a ina ka samo barkono mai kyau haka?" Saura kaɗan in ɗanɗana. Ashe fenti ne, na gari.

Ya nuna mana yadda ake yi. Za ka kama ƙugiyar da filaya, ka kara kan darmar a bakin na'urar da ke hura iska mai zafi, sannan ka tsoma shi cikin garin ka zare nan take. Sai ka ga garin ya narke ya lulluɓe shi, yana sheƙi. In ta huce a goge idon ƙugiyar don zare ya samu hanya, a gasa ta a wani tsohon oven, wato murhun gashi, da ya ware don wannan aikin. Ni kuwa na kafa dokoki: darma guba ce, a bar ƙofa a buɗe, a wanke hannu. Suka haɗa baki, "To, likita."

Baba ya gwada da hagu, ta fito duk ƙuraje, fenti ya taru gefe guda. Ya daɗe yana hararar ta. Shi mutum ne da ba ya son aikin banza. Can sai na ga ya mayar da filayar hannun dama. Hannun yana rawa, ƙugiyar ta suɓuce ta nutse cikin kwalbar. Na zabura zan taimaka, maƙwabcin ya tare ni da ido.

"Ba komai Baba, muna da su da yawa," ya ce, ya miƙa masa wata.

Haka suka cinye sanyin nan a gareji. Suna musu a kan launi, Baba ya ce fari ya isa, maƙwabcin ya ce sai kore. Ban san ranar da hannun ya daina rawa ba. Na dai lura wata rana yana ɗaure gashi a gindin ƙugiya da zare, yana mita wai zaren Turawa ba shi da ƙwari.

Da ɗumi ya dawo muka je bakin teku. Bayan dogon jira Baba ya jawo wani kifi mai faɗi kamar faifai, idanunsa biyu duk a gefe ɗaya. Ya ƙura masa ido ya ce, "Af! Kai ma ɓarin jikin ne?" Muka yi dariya har da hawaye.

A hanyar komawa, cikin mota, ya kira ni da sunan da yake kirana tun ina ƙarama, ya ce, "Ki nemo mini tikiti. Zan koma gida."

Na ce, "Haba Baba, yanzu da ka fara jin daɗin garin?"

"Ai shi ya sa. Hannuna ya dawo. Me zan zauna yi?"

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Duk wahalar nan, a raina ina yi ne don ya warke ya zauna kusa da ni. Ban taɓa tunanin warkewar ce za ta raba mu ba. Maƙwabcin ne ya kai mu filin jirgi, da kwalaben fenti a jakar Baba.

Abin da na koya shi ne, ba duk wanda ya ƙi magani ba ne ya ƙi lafiya. Wani so yake a ba shi aikin da ya cancanci hannunsa.

Yanzu in na kira wayarsa da safe, ba kasafai nake samunsa ba. Ƙanina ne zai ɗauka ya ce, "Yaya, Baba yana ruwa." Sai in ce kar a dame shi, in kama hanyar aiki da sanyin zuciya.