Yadda Halliru Ya Sa Intanet a Keji

Duk wanda ya taɓa noman albasa tsakanin Wurno da Goronyo ya san Halliru mai walda. In bai san fuskarsa ba, ya san kejinsa. Tun da ruwan dam ya fara ratsa fadama, manoma sunka shiga sayen injin ban ruwa, ɓarayi kuma sunka shiga sayen sifana. Halliru ne ya raba gardama. Yakan ƙera wa inji keji na rodi da fallen ƙarfe, ya dasa shi cikin siminti, ya rataya masa kwaɗo mai girman tafin hannu. Da wannan sana'a ya yi aure, ya aurar, ya yi furfura, kunnensa na hagu kuma ya yi ritaya tun kafin shi. Abin taƙamarsa guda ne: hannun wani bai taɓa kwance abin da ya ɗaure ba. Zauna rumfarsa ka karɓi shayi, za ka ji wannan magana tun shayin bai huce ba.

Ana nan sai wata kwaleji da ke bayan gari ta samu na'urorin intanet, fararen nan masu kama da murfin kwano, waɗanda ake maƙalawa a gini su watsa sabis babu waya. Shugaban makarantar, Malam Junaidu, ba abin da yake tsoro irin sata, don an taɓa kwance masa fanka da rana tsaka. Malamar kwamfuta, Sa'adiyya, tana Sakkwato wajen kwas. Sai ya aika aka kira Halliru.

Halliru ya buɗe kwali, ya ga ɗan farantin roba da 'yan notuna da anka ce da su ake kafawa. Ya ce ya ga 'yan kunnen da sunka fi su ƙarfi. Ya ƙwanƙwasa bango, bulon yashi ne, ƙusa ta shiga ta fito da gari. Ya ɗaga kai ya dubi silin, ya ga ya yi ciki saboda kashin jemage. Ransa ya ɓaci da magina, da kafinta, da Bature mai robar baki ɗaya. Sai ya yi abin da ya iya. Ya huda bango har waje, ya zura doguwar noti, ya tare ta da ƙarfe ta baya. Kowace na'ura ya yi mata akwatin ƙarfe mai ƙofa da kwaɗo, ya ɓoye a lungu bayan ginshiƙi inda idon ɓarawo ba ya kaiwa. Har koren fenti ya shafa kyauta.

Ɓarawo dai bai samu ba. Ɗalibai ma haka. Sabis ba ya zuwa sai mutum ya manna waya jikin akwatin, shi ya sa kullum za ka gan su sun yi layi a lungu kamar masu jiran guga bakin rijiya.

Da Malama Sa'adiyya ta dawo, ta daɗe tsaye gaban akwatin kafin ta gaishe da Halliru.

"Baba Halliru, mi kunka yi nan?"

"Aiki, ɗiyata. Ja ki gani in zai motsa."

Ta yi masa bayani cikin ladabi cewa abin nan kamar murya yake, ƙarfe na shanye shi. Tsakiyar silin yake so, fuska ƙasa, babu abin da ya rufe shi. Halliru ya ce injin da ke cikin kejinsa na tura ruwa har ƙarshen gona bai taɓa kuka ba. Ta ce ai shi ruwa tiyo gare shi. Ya juya mata kunnen hagu.

Amma ya rage murya ya koma aiki. Ya huda akwatin kamar rariya, sabis ya ƙaru da taku kaɗan. Ya cire ƙofar ya sa raga, masu layi sunka ɗan ja baya, shi ke nan. Kowane gyara sai ya tsaya ya yi wa na'urar faɗa, wai tun da yake bai taɓa ganin kaya mai tsada da ke son kwana tsirara ba.

Malam Junaidu, wanda shi ya yi ta cewa a ƙara kauri, yanzu ya manta. Ya ce jarrabawar kwamfuta ta matso, in abin bai gyaru ba zai kira mutanen birni su yanke ƙarafan su kafa nasu. Halliru ya hango yaran Sakkwato da injin yanka a kan waldarsa, 'yan garin Achida na kallo ta tagar mota, labari ya isa kasuwar Goronyo kafin la'asar. Tuwo bai shiga ba ranar.

Da safe ya ɗauko injin yanka ya zo da kansa. Nan ya gane abin da ɓarayi sunka daɗe suna sha. Walda ta ƙi, noti ta ƙi, faifan yanka na cinyewa ɗaya bayan ɗaya, yana zufa yana tsine wa wanda ya yi wannan aiki, ɗalibai na ƙunshe dariya. Da ya gama, bango ya zama duk ramu, kowane rami albasa za ta wuce ta cikinsa.

Sannan ya hau tsani, Malama na nuna masa wuri daga ƙasa. Ya lalubo katakon rufi ta bayan silin, ya ɗaura farantin robar da 'yan notunan, yana kawar da kai kamar mai shan maɗaci. Ya roƙi a bar shi ya ƙara sarƙa. Ta ce siririyar waya ɗaya, ita ma don darajar furfura. Kafin ya sauko, wayoyi sun fara ƙara har bakin ƙofar makaranta.

Har yau in ɗalibin kwalejin ya gitta ta rumfarsa, Halliru kan kashe inji ya tambaya ko abin ya faɗo. A ce yana nan. Ko an sace? A ce yana nan, Baba. Sai ya ja tsaki, ya sauke gilashin waldarsa, ya ce da yaron ya matsa yana tare masa haske.