Tsagar da na sa anka yi wa taubashina

Wallahi ba ni na kai kaina cikin zancen ga ba, inna ta ja ni. Lokacin ina ɗan sha tara, na tsere daga lakwal tun aji biyar, ina aparanti, yaron mota, bayan kamyon albasa, ba ni da gona sai bakina. Taubashina mahauci ne, shina gasa nama kasuwar Karofane. Wasu tabbai sunka fito mishi ga gwiwar hannu da ƙeya, masu farin ɓawo kamar toka, ga ƙaiƙayi. Ran kasuwa, gaban jama'a, na yi mishi wasan da munka saba, na ce yau kuturu ya hau tukuba. Anka yi dariya. Kasuwa ta zagayo, ba wanda ya taɓa namanshi.

Inna ta ce tunda bakina ya ɓata, ƙafata ta gyara, in kai shi asibiti. Ni sarkin wayo na ce wane asibiti, mugun jini ne, wanzami ya fidda shi. Anka yi mishi ƙaho da tsaga, baya duka. Bayan sati biyu ya tuɓe riga gabana. Innalillahi! Duk inda aska ta bi, ciwon ya bi ta, layi-layi kamar kunyar gero.

Na kai shi asibitin mishan, lokotoro, wani nasara, ya tambayi wa ya sa anka yanke shi haka, na sunkuyar da kai. Ya ce ba kuturta ba ce, ba a ɗaukar ta. Jikin ne da kanshi ke aika saƙon gobara inda babu wuta, fata ta yi ta toho tana taruwa, kuma kowane rauni sabon saƙo ne. Can ƙasarsu ana biɗar maganin da zai tare ɗan aiken, ba a samu ba tukuna. Ya ba mu man shafawa, ya ce shi riƙa shan hantsi.

Ku masu baki irin nawa, wasan taubashi ya tsaya gida, kasuwa ba ta san wasa ba. Ciwon fata kuma kar ku kai shi ga aska kafin a duba.

Don masu saye su dawo, kowace kasuwa nikan zauna gindin tukubarshi ina ci daga hannunshi. Wani dattijo ya dage wai nasara bai san kuturta ba. Na miƙa mishi hannuwana biyu, na ce baba, wata shida ke nan ina cin naman ga, ƙirga min yatsuna.