Baba Agogo da Tambaya ta Huɗu

Shekara ashirin da uku Baba Agogo ya yi a ɗakin gashi na asibitin, can ƙasan bene, inda ake kwantar da masu ciwon daji a ƙarƙashin na'ura. Ɗakin ba taga. Kaurin bangonsa ya fi tsawon hannun mutum, ƙofarsa kuwa an cusa mata dalma, sai ka sa kafaɗa kafin ta motsa. Aikinsa shi ne ya daidaita mara lafiya a kan alamar da aka zana masa a fata, ya fita, ya rufe ƙofa, ya saita lokaci, ya danna. Tun zamanin da ba a yarda da agogon na'urar ba yake rataye da nasa a wuya, daga nan sunan ya bi shi.

Bai yi karatu mai zurfi ba. Da tura keken marasa lafiya ya fara, wani tsohon ma'aikaci ya ga natsuwarsa ya jawo shi ciki, ya koya masa da hannu. Abin da ya sani game da na'urar kaɗan ne, amma ya san shi sarai. A cikin kanta akwai wani ɗan ƙarfe, kobalt, bai fi kan babban yatsa ba, shi ke fitar da hasken da ido ba ya gani. Kullum ƙarfinsa raguwa yake. Shi ya sa duk farkon wata ake sauya takardar da ke manne a bango, a ƙara wa kowane mara lafiya 'yan sakanni.

Mutane kan ce ba shi da tausayi, kuma ba su yi ƙarya ƙwarai ba. A shekarun farko, in aka ce wane ba zai sake zuwa ba, yakan koma gida ya kasa cin abinci. Daga baya sai ya zare katin mutum ya sa a akwati, ya kira na gaba. Shi kansa bai san ranar da zuciyarsa ta daskare ba. Ba ya murna, ba ya baƙin ciki, aiki kawai yake yi, kuma ba ya kuskure.

Ana nan sai takarda ta sauko daga sama. Duk mai taɓa na'urar sai ya ci jarrabawar tushen ilimin ƙwayar zarra, wanda ya faɗi a ɗauke shi daga ɗakin. Masu rubuta irin wannan takarda dai ba su taɓa ɗaga mutum daga keke zuwa gado ba, amma su ke da hatimi.

Dakta, masaniyar fiziks ta sashen, wadda ta zo ta same shi a wurin shekara uku da suka wuce, ita ta kawo masa ɗan littafin bita.

"Baba, saura wata biyu a yi jarrabawar. Mafi yawan abin da ke ciki kana yinsa kullum, sunayen ne kawai ba ka sani ba."

"To, Dakta," ya ce. Ya karɓa ya cusa a aljihun riga. Ko a jikinsa.

Amma ya karanta. Lokacin hutun rana yakan zauna a kan bencin bakin ƙofa, ya ɗora tabarau a kan hanci, yana bin layi da yatsa. Ƙwayar zarra tana da tsakiya. A tsakiyar akwai furoton da nutoron, elektoron na kewaye da su. Su furoton ɗin ma ba su ne ƙarshe ba, a cikin kowanne akwai wasu 'yan mitsi-mitsi guda uku da ake kira kwak. Hasken alfa takarda ma ta tare shi, beta sai farantin alminiyam, hasken gama kuwa sai dalma mai kauri, ita ɗin ma rage shi take yi. Wata rana ya karanta cewa kobalt ɗin da ke kan na'urarsa a hankali yake rikiɗa yana zama wani ƙarfen daban, nikel. Ya ɗaga kai ya dubi ƙofar na ɗan lokaci, sannan ya juya shafi.

Ranar hutu matarsa ke riƙe masa littafin tana tambaya, tana tsinke zare daga ɗinkin da ke cinyarta.

"Malam, wai kwak. Agwagi kuke kiwo a can ƙasa?"

"Yi tambayarki dai."

"To, abu ya rasa rabin ƙarfinsa duk shekara biyar. Bayan shekara goma sha biyar saura nawa?"

"Rabi, rabin rabi, rabin wancan. Kashi ɗaya cikin takwas."

"Ka ci. Kai dai ko dariya ba ka yi, kamar ana karanta maka sammaci."

Ranar jarrabawa aka zaunar da su su goma sha ɗaya a ɗakin taro. Tambaya goma, awa ɗaya da rabi. Ya amsa ukun farko ba gargada. Ta huɗu ita ce wadda matarsa ta yi masa, kusan kalma da kalma, sai dai an ƙara da cewa: idan a farko minti biyu ake yi wa mara lafiya, minti nawa za a yi masa a lokacin?

Ya san amsar. Minti goma sha shida. Ya ɗora biro zai rubuta, sai hannun ya tsaya.

Kobalt ɗin da ke ɗakinsa shekararsa tara ba a canza shi ba. Gashin da a da ake gamawa a minti biyu, yanzu sai an haura shida. Sau nawa ya faɗa a taro, aka ce ana dubawa. Kuma a shekara ashirin da uku, babu wanda ya taɓa miƙa masa takarda ya ce rubuta abin da ka sani game da minti.

Sai ya rubuta. Ya ce ba a barin kobalt ya kai shekara goma sha biyar. Ya ce mai ciwon maƙogwaro ba ya iya minti huɗu bai haɗiyi yawu ba, in ya haɗiya alamar ta goce, hasken ya sauka a kan naman da ba shi da laifi. Mai ciwon ƙashin baya a minti na biyar yake fara rawar jiki. Tsofaffi sukan ɗauka an manta da su a ciki, su yunƙura za su tashi. Ya rubuta yawan mutanen da ake mayarwa gida kullum saboda layi ba ya tafiya. Gumi na ɗiga a kan takardar, wani abu mai zafi ya tokare masa ƙirji, abin da rabonsa da ji har ya manta. Ya cika shafi biyu. Yana juya na uku aka ce a ajiye biro. Tambaya shida ko kallonsu bai yi ba, sha shidan ma bai rubuta ba.

Bayan mako biyu Dakta ta kira shi ofishinta, ta rufe ƙofa.

"Baba, me ya sa? Ka san amsar. Lamba biyu kawai za ka rubuta."

"Na sani."

"Na kai shafukan nan gaban shugabanni. Sun ce bayani ne mai kyau." Ta sunkuyar da kai. "Amma ba shi da maki."

"To."

"Sai baɗi za a sake yi. Kafin nan sun ce ka koma teburin karɓar kati."

Ya ciro mabuɗin na'urar daga aljihu, ya ɓalle ɗan bajon auna haske daga ƙirjin rigarsa, ya ajiye mata su a kan tebur, ɗaya kusa da ɗaya. Ya jira ya ji ko wani abu zai motsa a ransa. Shiru. Zafin ranar nan ya riga ya wuce.

Washegari ya zauna a teburin da ke bakin matakala, akwatin kati a gabansa. Wajen ƙarfe goma wata tsohuwa mai ciwon wuya ta iso, 'yarta na riƙe da ita. Zuwanta na takwas ke nan, kuma duk bakwai ɗin da suka wuce sai da ya yi ta ƙirga mata lokaci ta lasifika kafin ta iya kwanciya ba motsi.

"Ɗana, yau a nan ka zauna? Tashi mu je ka sa ni, tun ƙarfina bai ƙare ba."

"Wani ne zai sa ki yau, Inna."

"Zai riƙa gaya mini saura nawa?"

Baba Agogo ya dubi katinta. Minti shida da sakan arba'in.

"Ban sani ba," ya ce. "Ki dai daure kada ki haɗiyi yawu."

Ya miƙa wa 'yar katin, ya kira na gaba.