Bunsurun da Adonsa Ke Kallon Ciki

A gidan Verbist da ke bayan gada a garin Dendermonde, inda ake sassaƙa dabbobin katako na lilon nan mai juyawa da yara ke hawa a filin wasa, ba a rufe cikin dabbar lilo wayam. Doki ne, zakara ne ko zaki, jikinsa allunan katako ne da aka haɗa kamar akwati, ciki rami. Kafin a manna allon ƙarshe, wanda ya sassaƙa kan dabbar zai rubuta sunansa a 'yar takarda, ya haɗa da wani abu nasa, ya naɗe su a tsumman ulu don kada su riƙa ƙara in lilo na juyawa, ya tura ciki. Ba a leƙa wa mutum, ba a tambayarsa, kuma ba wanda ke taɓa ƙunshin wani. Haka Gwaggo Leontien ta tarar ana yi, kuma ita ce ta ƙarshe a zuri'armu da ta riƙe guduma.

An haife ta a 1941, 'yar fari ga Achiel Verbist, masassaƙin da duk mai lilo daga Aalst har Lokeren ke alfahari da dabbobinsa. Bahaguwa ce. A makaranta ta sha rula a kan hannun nan, amma a rumfar mahaifinta ba wanda ya damu da wane hannu ne, in dai katako ya yi biyayya.

Tana da shekara goma sha bakwai yanar ido ta fara rufe idon Achiel. Ya san ranar da masu lilo suka ji haka, ranar aiki zai koma wani gari. Sai ya riƙa zama a bakin ƙofa da lofensa, yana karɓar baƙi, ita kuwa tana can ciki bayan labule tana sassaƙa. Da yamma ya shafa aikin da yatsunsa, ya ce a rage nan, a ƙara can. Ta yi masa alkawarin ba za ta ba shi kunya ba a idon duniya.

Aikinta na farko tun daga kai har wutsiya bunsuru ne, na lilon wani Remi Baetens. Kowane yaron gidan masassaƙa ya san lilo da wane hannu yake juyawa, ya kuma san gefen dama na dabba ne ke kallon jama'a, don haka can ake zuba ado. Leontien ta sani sarai. Amma ta tsaya inda hannunta ya fi sakewa, daɗin aiki ya kwashe ta, ba ta kuma nuna wa Achiel ba sai da aka gama fenti, ya shafa ya ji furanni da ƙararrawa da igiyar zinariya duk suna hagu, dama kuwa fili fetal. Lokacin ta riga ta rufe cikin, da takardar da ta rubuta cikin zumuɗin ƙuruciya cewa ita ta sassaƙa, domin Baba ba ya gani.

Da Remi ya zo ɗauka ya fara faɗa, Achiel ko gezau. Ya ce da gangan ya yi.

"Kai da kake tsaye a tsakiyar lilo tun safe har dare, Remi, kai ba mutum ba ne? Sai bayan dabbobi za ka yi ta kallo har ka mutu?"

Remi ya yi dariya ya ɗauka. Kafin shekara ta zagayo, labarin ya cika filayen wasa, har yara kan yi rububin bunsurun Achiel mai ado a ciki.

Leontien ta auri Firmin mai gyaran kekuna, ta haifi 'ya'ya biyu, amma ba ta bar rumfar ba. Shekara ashirin da ɗaya tana sassaƙa, ana buga sunan mahaifinta da ƙarfe mai zafi a ƙarƙashin sirdi. Da Achiel ya rasu a 1979, dabbobin roba sun riga sun cika kasuwa, ba mai neman sabon aikin katako. Ta koma gyara: ƙafar da ta karye, kunnen da yara suka cinye da shafa. Sunanta bai taɓa hawa jikin dabba ko ɗaya ba, kuma ba a taɓa jin ta yi ƙorafi ba.

Tana da shekara saba'in aka kawo mata bunsurun a bayan mota. Wani ƙaramin gidan tarihi ne ya karɓi lilon, ƙwari kuma sun ci allon cikin, dole a buɗe. Mutuminsu, wani saurayi mai ladabi da ake kira Coppens, ya ce zai zo ranar Talata da mai ɗaukar hoto, don ya ji labarin al'adar gidan, yana ɗokin ganin rubutun hannun Achiel.

Ranar Lahadi ta kira ƙanenta Staf, ta zuba masa kofi, ta faɗa masa abin da ke cikin takardar. Staf ya tsoma burodinsa, ya ce ai wannan ba abin tashin hankali ba ne. Ta buɗe gobe ita kaɗai, ta zare takardar, ta sake mannewa. Wa zai gane haɗin da ita ta yi?

Litinin da hantsi ta ɗora buta a wuta, don tururi ne ke sassauta tsohon manne. Ruwa ya tafasa, ta ɗauko butar, ta tsaya a gaban bunsurun. Ta daɗe a tsaye. Tana tuna muryar tsohon a bakin ƙofa, yadda ya rungumi kuskurenta ya mai da shi abin yabo. Tana kuma tuna yarinyar da ta naɗe ƙunshin nan, hannunta duk kanta, ba ta da inda za ta faɗi gaskiyarta sai cikin katako. Ƙunshin na yarinyar nan ne, kuma a gidan nan ba a taɓa ƙunshin wani a ɓoye. Ta mai da butar, ta haɗa shayi da ruwan.

Ranar Talata allon ya saki a hankali. Coppens ya sa safar hannu ya warware ulun. Abin da ya fara faɗowa ɗan kunne ne, wari ɗaya.

"Ashe nan yake," in ji Staf. "Yaya, kin san ni Inna ta daka a kan ɗan kunnen nan? Shekara hamsin da uku ina jiran a wanke ni."

Coppens ya buɗe takardar yana murmushi, ya fara karantawa a fili, sai muryarsa ta yi ƙasa. Mai hoto ya sauke na'urarsa. Saurayin ya dubi tsohuwar, ya tambaya ko tana so a manta an ga wannan.

"A'a, ɗana. Ka karanta daidai."

Staf ya share maƙogwaro, ya ce in don Remi ne, ai Remi ya san Baba ba ya gani tun tuni, tun ranar da Baba ya cire hula ya gaida dokin katako yana zaton Remi ne. Remi bai faɗa wa kowa ba, kuma bai fasa kawo aiki ba. Leontien ta harare shi, ta ce da bakinsa ya buɗe tun ranar Lahadi, da ta yi barci.

Mako uku tana gyaran allon. Ranar rufewa Coppens ya dawo, ya roƙi a bar musu takardar su sa a gilashi. Ta ƙi. Ta ce abin da ya shiga cikin dabba na dabbar ne, hoton da suka ɗauka ya ishe su. Ta mai da tsohon ƙunshin mazauninsa. Sannan ta ce duk su juya baya, har da Staf da ke cewa ko ɗaya warin ɗan kunnen ne za ta sa. Ta ɗauko ƙaramin ƙarfen sassaƙarta, wanda Achiel ya wasa mata bakinsa don hannun hagu, ta haɗa da sabuwar takarda mai layi biyu: sunan wanda ya koya mata, da ranar da ta rufe. Ta naɗe su tam, ta girgiza a kunnenta, ba ƙara. Ta tura ciki, ta shafa manne mai zafi, ta ɗora allon.

Tana ɗaure allon don manne ya kama, Coppens ya fito da littafinsa, ya tambayi me za su rubuta a allon bayanin da ke gaban lilon, don wanda suka shirya ya tashi aiki.

Ba ta ɗago ba. Ta ce ya fara da sunan Achiel Verbist, ya rubuta cewa rumfarsa ce, idonsa ya tafi amma yatsunsa ba su taɓa yi masa ƙarya ba. A ƙasa ya sa Leontien Verbist, wadda ta sassaƙa tana da shekara goma sha bakwai.

"Maganar adon da ke hagu fa, Mama? Mu bar shi a hikimar tsohon?"

"Hikimar tasa ce, ka rubuta masa. Amma kuskuren nawa ne, ɗana, ni na yi abina. Kada ka ba wa kowa."